Saurin Me Ake: Daga Dutsin-Ma Zuwa Izmir ta Tudu da Ruwa

Dutsin-Ma, ranar tashi

Ana sallame sallar asuba muka rufe gida. Malam ya miƙa wa maƙwabci makulli ya rataya jakar taswirarsa, ni kuma na bi bayansa da akwati ɗaya da wata ƙatuwar jakar bakko da ban yarda kowa ya leƙa ba. A tasha direban Kano ya ɗaga ta ya yi nishi, ya ce, "Hajiya, duwatsu ne?" Na ce, "Kayan kwalliya ne, ɗora." Garin kunu ne a ciki, da kanwa, da daddawa, da kuka, da dambun nama, da busasshen kifin madatsar ruwa ta Zobe. Duk macen da ta taɓa zaman jego ta san inda irin wannan kaya ke dosa. Amma a ranar duk wanda ya tambaye mu, amsa ɗaya muke ba shi: yawon buɗe ido za mu.

Ga yadda aka yi. Ɗiyarmu ta fari tana Izmir a ƙasar Turkiyya, inda mijinta Kabiru ke karatun digiri na uku. Ba zan rubuta sunanta ba. Mu a Kurfi, garinmu na asali, haka muka taras, iyaye ba su kama sunan ɗan fari, ba su yi mashi wasa gaban mutane, ba su nuna sun damu da shi. Tun da aka yaye ta Gwaggo Asabe, yayar Malam, ta ɗauke ta, a hannunta ta girma. In ta kama dole in ambace ta, "yarinyar nan" nake cewa. Ita kuma Hajiya take ce mani kamar kowa.

Da Kabiru ya bugo ya ce tana da ciki, ga haihuwar fari, ga shi ba dangin iya ba na baba a wata uwa duniya, Gwaggo kuma ciwon ƙafa ya hana ta ko zuwa ƙofar gida, sai aka taru a Kurfi aka ce ni zan je in yi zaman jego a madadinta. Raina fari tas, amma na haɗe fuska. Duk da haka Gwaggo ba ta raga mani ba. Tsakar gida cike da mata ta ce, "Ku dube ta, jiki har ɓari yake. Zamani ke nan, uwa za ta haye jirgin sama ta bi ɗiyar fari. Mu da ko bikinsu sai an ja mu." Aka kwashe da dariya. Ni kuwa an san ni, ba a taka ni in yi shiru. Na ce, "Saurin me ake? Dama Malam ya daɗe yana son ganin duniya. Yawonmu za mu, ko da ƙafa ne. In hanya ta biya da mu ta wajenta, mu leƙa."

Baki shi ke yanka wuya. Ashe Malam yana zaure yana ji. Mutumin da ya shekara talatin yana koya wa yara labarin ƙasa, yana zana masu teku a allo, alhali in ka cire wanda ya hango ta tagar jirgin Makka, ruwa mafi girma da ya sani shi ne na Zobe. Kafin sati ya shimfiɗa mani taswira a tabarma: jirgin ƙasa inda akwai, jirgin ruwa inda babu, mota inda duk suka gagara, nahiya uku, kuma wai ya fi arha. Na dubi fuskarsa ko zai ce wasa yake. Ya dubi tawa ko zan ce a'a. Neman biza ya cinye watanni, har ranar da muka tashi likita ya ba ta sati goma, Malam kuma ya ce shida sun ishe mu.

Abin da nake so ɗaya ne, a nan zan iya faɗa tunda takarda ba ta dariya. Ranar da naƙuda za ta kama ta, ta waiga ta gan ni a ɗakin.

Kano, Kaduna, Abuja, Ikko

Ta Kankiya direba ya bi da mu. A shinge na uku wani soja ya leƙo ya ce, "Baba, ina zuwa?" Malam ya gyara zama ya ce, "Turkiyya." Sojan ya dubi motar, ya dubi ƙofar da aka ɗaure da igiya, ya ce, "Allah ya kai ku Kano tukuna."

Mun kwana Kaduna gidan wani tsohon ɗalibin Malam, da safe muka kama jirgin ƙasa a Rigasa. Jirgi dai ba laifi, kujeru da laushi, sanyi kamar ana ajiyar kifi. Malam ya manne da taga yana faɗa mani sunan kowane dutse, wanda ba shi da suna ma sai da ya raɗa mashi. Daga Abuja bas zuwa Ibadan, daga can jirgin ƙasa kuma zuwa Ikko. Muna cikinsa yarinyar nan ta kira ni.

"Hajiya, kuna ina?"

"Muna nan muna yawonmu. Ya jikin?"

"Lafiya lau. Ku taho a hankali, ba gaggawa."

"Dama wa ya ce maki ana gaggawa?"

Ta yi dariya, na yi dariya, na kashe waya na juya fuska wajen taga. Tarbiyyar Gwaggo ce, ko da wuƙa a wuya ba za ta ce ki zo ba.

Ankara, amma ba waccan ba

Daga Ikko sai motoci, a sauka a wannan iyaka a cika takarda, a hau wata a kan gaba. Kwatano, Lome, har babban birnin Gana, wanda 'yan boko ke ce wa Accra, mu kuwa tun kakanninmu fataken goro Ankara muka san shi. A zango muka sauka, gidan wani dattijo Bakatsine mai masaukin baƙi, ɗaki da tabarma da fanka, kuɗinsa bai kai na cefanen yini ba. Matarsa ta taya ni shigar da bakko, ƙamshin daddawa ya buge ta, ta ce, "Wa ya haihu?" Na ce yawon buɗe ido muke. Ta ce, "To, Allah ya buɗe idon, ya sauke ta lafiya."

A daren Malam ya aika wa Kabiru saƙo: mun sauka Ankara lafiya. Shi bai ga komai a ciki ba, ni ma ban gani ba. Da safe ina shan koko waya ta yi ƙara, na ji wata murya da rabona da ita tun tana 'yar firamare.

"Hajiya, da gaske kuna Ankara? Ashe jirgin sama kuka hau. Kabiru ya fita neman tikiti zai taho ya ɗauko ku, ni kuma na gyara maki ɗaki, har na jiƙa wake. Me ya sa ba ku faɗa mani ba?"

Sai a nan na tuna babban birnin Turkiyya ma Ankara ne. Na ajiye kokon. Na ce, "Ankarar Gana muke."

Can ta ce, "Au. To, ba komai. Dama waken na Kabiru ne."

Malam yana gefe yana ji, ya sunkuyar da kai cikin taswira kamar ya ga sabuwar ƙasa. Da a ranar ɗayanmu ya buɗe baki, da labarin nan ya ƙare a shafi biyu. Na ce mashi, "Sai ka riƙa rubuta sunan gari da Turanci." Ya ce to. Muka kama motar Abijan.

Gini da Sanagal

Abijan gari ne, ban hana ba, kifi da garin rogonsu ma ya yi mani daɗi. Daga nan muka bar bakin teku muka nausa cikin Gini, inda na san ana iya cusa mutum tara a ƙaramar mota, a ɗora akuya da buhunan gawayi a sama, direba kuma ya tsaya neman ƙarin fasinja. Ruwan sama ya mai da hanya kunu. Wata babbar mota ta kafe ta tare kowa, muka yi kwana uku a wani ƙauye muna cin shinkafa da miyar ganye a gidan limamin garin. Malam ya nuna mani wasu duwatsu ya ce, "Kin ga can? Daga wajen nan kogin Kwara ya faro." Na ce, "Shi dai ya san inda za shi, kuma ba ya tsayawa."

A Zigincor ta Sanagal muka fara hawa jirgin ruwa na gaske, mai hawa-hawa, zuwa Dakar. Muna cikin kogi Malam na kan bene yana yi wa wasu Turawa bayanin igiyar ruwa. Muna fita teku igiyar ta zo da kanta. Malamin labarin ƙasa ya rungume bokiti har gari ya waye, ni da ban taɓa zana teku ba na ci dambuna na yi barci.

Sati shidan Malam a Dakar suka cika, ko rabin hanya ba mu yi ba. Masaukinmu ɗaki ne a saman shagon tela, daga taga kana ganin jiragen sama suna wucewa ɗaya bayan ɗaya kamar da gayya. Bayan azahar Malam ya sa hula ya ce za shi ya ga ƙarshen Afirka ta yamma. Ni ma na yafa mayafi na shiga kasuwa da awarwarona na zinari a ƙulle a gefen zane, na tsaya wurin maƙeri ya auna ya faɗi kuɗi, na tabbatar za su kai mutum biyu Turkiyya ta sama. Na mai da su na ƙulle. In na sayar, da wane baki zan ce mashi ga tikiti? Ya dawo da magariba, na ce ya ƙarshen Afirka, ya ce yana nan.

Muritaniya

A Roso muka haye kogi a kan wani faffaɗan jirgi, mu da motoci da tumaki, muka shiga Muritaniya. Daga Nuwakshot hanya biyu ce. Akwai kwalta miƙaƙƙiya zuwa arewa, yini ɗaya. Akwai kuma ratse cikin sahara zuwa wani ƙauye, Shum, inda ake tarar jirgin ƙasa mai ɗaukar tama, wanda Malam ya shekara da shekaru yana ba yara labarin tsawonsa. Muna shan shayi a tasha ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ko mu bar jirgin nan mu miƙe? In dai kina ganin akwai dalili."

Ku ji fa. In dai ina ganin akwai dalili. Wato ni zan faɗi dalilin, shi ya koma Kurfi da mutuncinsa. Raina ya ɓaci, na ce, "Saurin me ake? In yawo ne a yi shi duka."

Ya ce, "Haka ne." Muka hau motar Shum kowa na jin haushin kowa.

Jirgin tama ba shi da lokaci, sai sa'ad da ya ga dama. Mun kwana biyu muna jiransa a wata rumfa. Da ya zo, gaskiyar Malam, na gaji da ƙirga taragu bai ƙare ba. Na fasinja guda ne a can wutsiya, ba gilashi a taga, benci ya karye, baƙar ƙurar tama na shigowa har cikin haƙori. Wani dattijo mai shuɗiyar riga ya hura gawayi a tsakiyar tarago ya dafa shayi, ya ba mu kofi uku-uku, bai karɓi ko sisi ba. Muka sauka Nuwadibu kamar masu sayar da gawayi. Malam ya kalli jirginsa na shekara talatin, ko hoto bai ɗauka ba, ya ce in duba ko waya ta kama.

Ta kama. Kabiru ya ce ƙafafunta sun kumbura, likita ya ce jininta ya ɗan hau, amma ana lura.

Maroko, da kwana biyu a teku

Daga iyaka zuwa Marakish bas ce, sahara a dama, teku a hagu, ka yi barci ka farka ka ga abin da ka bari. A Marakish muka koma jirgin ƙasa, daga Kasablanka kuma muka hau wani mai gudu kamar an biyo shi. A duk tafiyar nan shi kaɗai na ga ya san halin da nake ciki. Amfaninsa kaɗan ne, don mun isa Tanja jirgin ruwan Italiya ya tashi da safiyar ranar, na gaba sai bayan kwana huɗu. Muka kama ɗaki a tsohon gari muna cin burodi da zaitun da miyar wake. Da yamma Malam ya kai ni bakin ruwa ya ce waccan ƙasar da nake hangowa Turai ce. Na ce na gani.

A jirgin Janowa ta Italiya ba mu kama ɗaki ba, kujera muka saya, mai arha. Iyalan Maroko masu komawa aiki Turai sun fi mu dabara, kowa da bargonsa ya shimfiɗa a lungu, kafin la'asar wurin ya zama unguwa. Wata tsohuwa ta matsa mani, muka yi ta hira da hannu. Ta nuna 'ya'yanta a waya, ta sumbaci kowane hoto tana faɗin sunansa, ta nuna ni alamar ina nawa. Na nuna mata huɗu. Da ta kau da kai na buɗe na biyar ɗin, na yarinyar nan, na duba ni kaɗai. Kwana biyu waya ba ta kamawa, ban taɓa sanin yini na da tsawo haka ba.

Italiya da Girka

A Janowa kare ne ya fara yi mana maraba, ya zo ya zauna gaban bakko ya ƙi tashi. Ma'aikatan kwastan suka kwashe dambu da kifin Zobe, wai nama ba ya shiga. Ɗaya ya kwance ƙullin daddawa, ya ja da baya, ya ɗaure da kansa ya miƙo mani. Kanwa ce ta so ta zama magana. Nan Malam ya yi rana, ya fara masu darasi da Turanci tun daga yadda tafki ke ƙafewa, bai kai rabi ba mutumin ya ce mu tafi don Allah.

Jiragen ƙasan Italiya muka yi ta canzawa, masu tsayawa kowane ƙauye don su ne masu sauƙi, har Bari. Shayi kofi ɗaya a tasha kuɗin tiyar masara a kasuwar Dutsin-Ma, don haka ruwan zafi nake roƙa in dama mana kunu. Daga Bari jirgin ruwa zuwa Fataras ta Girka, daga can Atina. Na san Malam ya ware yini biyu don wasu kangaye a kan tudu da ya ce duk duniya na zuwa gani. Muna fitowa tasha na ce, "To, ina kangayen naka?" Ya ce, "Duwatsu ne, muna da su a gida." Ya tare mota zuwa tashar jiragen ruwa. A raina na ce ashe dai.

Kiyos

Kiyos tsibiri ne, nan ne ƙarshen Girka. Daga bakin ruwansa kana ganin Turkiyya ƙuru-ƙuru, har fararen gidaje, bai fi ka tsaya a wannan gaɓa ta Zobe ka hango waccan ba. Ƙaramin jirgi ke haye da mutane, daga can kuma Izmir tafiyar awa guda ce a mota. Mun sauka da hantsi, saura sati guda a lissafin likita, har na fara yi wa Malam tsiya cewa taswirarsa ta yi abin kai. Mai sayar da tikiti ya nuna mana teku ya girgiza kai. Iska ta tashi, yau babu jirgi, sai gobe in ta kwanta.

Ba mu bar wurin ba Kabiru ya kira. Jinin ya hau sosai, likitoci sun ce ba za a jira ba, yanzu za a shiga da ita a yi mata aiki. Ya ce ga ta.

"Hajiya, kuna ina?"

"Ga mu nan kusa. Ina hango ƙasarku."

"To." Na jira ta ce ba gaggawa, ba ta ce ba. Ta ce, "Tsoro nake ji."

Duk maganar da ke bakina, abin da ya fito shi ne, "Allah na nan." Aka karɓe wayar.

Ban taɓa ganin Malam na gudu ba sai ranar. Ya bar ni da kaya ya tafi neman jirgin sama, babbar riga na tashi. Ya dawo a sanyaye. Sai an koma Atina a jira wani, kuma ko an yi haka jirgin ruwan gobe zai riga mu. Muka zauna a kan dakalin bakin teku, iska na watsa mana ruwan gishiri, muna kallon ƙasar da ɗiyarmu ke kwance ana yanka ta.

Can ya ce, "Ranar nan a Dakar, ba ƙarshen Afirka na je ba. Ofishin jirgin sama na je. Har na fito da kuɗin."

"Me ya hana ka saya?"

"Jira nake ki ce."

Wallahi da ba a ƙasar mutane muke ba da an ji mu. Na ce, "Ni zan ce? Kai ne mai gida, kai ne mai taswira, kai ka ja ni cikin tama kamar buhu. Ka san irin bakin yayarka, ka san da ita nake ba da kai ba." Ya ce, "Ke kika faɗa gaban mata. In na sayo, cewa za a yi uban ne ya kasa haƙuri." Na kwance gefen zane na jefa mashi awarwaron a cinya, na ce ga nawa ƙarshen Afirkan. Ya juya su a hannu. Tsofaffi biyu, da furfura da jika a hanya, mun ratsa ƙasa goma sha wani abu kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara jin tausayin ɗiyarsa. Na yi kuka, ba na ɓoyewa, shi ma ya yi ta gyara tabarau.

Gab da magariba Kabiru ya kira. An samu mace. Uwar ta sha wuya, ta zubar da jini, amma ta farfaɗo.

Izmir

Iska ta kwanta da asuba kamar ba ita ba. Hayewar da ta gagare mu jiya ko kunun da na dama bai huce ba muka isa. Muka kama bas zuwa Izmir, muka nuna wa mai tasi sunan asibitin da Kabiru ya turo. Wayar Kabirun kuwa a kashe, ashe caji ya ƙare, ya tafi gida ɗauko kaya.

A hawa na uku, ɓangaren masu haihuwa, wata yarinya ma'aikaciyar jinya na zaune bayan tebur, waya a kunne, hannu a kan na'ura. Malam ya faɗi sunan Kabiru. Ta duba ta girgiza kai, ta ce da guntun Turancinta ba sunan miji ba, sunan mai jinya.

Malam ya dube ni. Na dube shi.

"Faɗa mata," in ji shi.

"Kai ne mai Turanci."

"Suna ai ba shi da Turanci."

Ya hau laluben aljihu wai biro yake nema. Yarinyar ta fara duban na bayanmu. Ga ƙofofi a jere, bayan ɗayansu tana kwance, ni kuma ina tsaye da bakko na kanwa. Na sunkuya na faɗa a hankali. Shekara ashirin da takwas yana cikin bakina, na zaci zai yi nauyi, sai ga shi ya fito kamar kowane suna.

Yarinyar ta cire waya daga kunne ta ce, me? Na maimaita. Ta ɗan karkato kai, ta buga wani abu daban, ta juyo mani da na'urar in gani. Nan haƙurina ya ƙare. Na miƙe tsaye na faɗe shi da muryar da nake kiran yara daga ƙofar gida, gaɓa-gaɓa, har wata mai shara ta waigo.

Daga ɗaki na biyu a hannun dama, wanda ƙofarsa ke buɗe, wata 'yar siririyar murya ta ce, "Na'am."

Ban jira izinin kowa ba. Tana kwance ta yi fari fat, ga robar ƙarin jini a hannu, ga jaririya a ɗan gado a gefe. Ta dube ni ta daɗe, leɓenta a bushe, ta yi ɗan murmushi.

"Hajiya, ashe kin san sunana."

Na ce, "Rufe mani baki. Ni na haife ki, ban san sunanki ba?"

Ta ce, "Jiya na yi ta duban ƙofa."

Na zauna a bakin gado na ɗora kanta a cinyata, abin da rabona da yi tun ranar yaye. Malam ya tsaya a bakin ƙofa yana yi wa bango sannu da jiki.

Kayan da na ratsa nahiya uku da su kuwa, likita ya ce mai ɗinki ba ta wankan ruwan zafi, mai hawan jini ba ta shan kanwa. Kuka da daddawa kaɗai suka yi aiki. Na zauna har ta yi arba'in, ina yi mata tuwo, ina goya jikata, ina kiran uwar da "ke" kamar da, sai in mun rage mu biyu.

Dawowa gida

Ta sama muka dawo, ba wanda ya tambayi wani. Abin da ya ci mana wata biyu da kwanaki jirgi ya shafe shi tsakanin karin kumallo biyu. Daga Kano muka shiga motar Dutsin-Ma, muka iso ana kiran la'asar, maƙwabta suka cika gida. Washegari muka je Kurfi na nuna wa Gwaggo hoton jaririya, ta yi ta sa albarka tana share hawaye. Masu tambayata yadda duniya take na ce su tambayi Malam, ni ban ga komai ba sai hanya.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya tashi kafaɗunta ya raya abin da ta haifa, ya kai mu ya dawo da mu ba don wayonmu ba. Muna gode wa mai masaukinmu na zango da matarsa mai hancin ganewa, da limamin ƙauyen Gini, da dattijo mai shayi na jirgin tama, da tsohuwar da ta matsa mani a bargonta, da Kabiru da ya yi haƙuri da surukai irinmu. Ita kuwa yarinyar nan ta asibiti da ta sa na maimaita har sau uku, a ranar na so in mare ta, yau kullum tana cikin addu'ata. Da ta ji ni tun a karon farko, da mai sunan ba ta ji ba.